Ba Za Ta Shagon Zailani Ba

Yako,
ranar Litinin

Zuwa ga Yayana Kamaluddeen,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da aikin asibiti da hayaniyar Legas. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Ƙafar kakarmu Iya ta yi sauƙi, har ta koma faɗa da kaji. Baba kullum yana fadama, tumatir ya nuna gaba ɗaya. Umma ta ce in tambaye ka ko kana cin abincin kirki, ko har yanzu shayi da burodi ne.

Kada ka yi mamakin ganin takarda. Ka san wayar gidan nan ta Baba ce, kuma in ka kira a lasifika yake sa ta, kowa ya zagaye kamar ana jin tafsiri. Ranar da ka ce a ba ka ni, "na gode" kawai na iya cewa, har Iya ta ce wai bebiya aka haifa mata. Shi ya sa na ba Idi direba wannan, tunda a kusa da ku yake sauke tumatir.

Yaya, kwamfuta ta iso. Ban taɓa mallakar abin da ba wanda ya riga ni taɓawa ba. Kayan makarantata na Anti Zulaihat ne, jakata taka ce. Da na buɗe kwalin wani ƙamshi ya taso, na rufe ido, na ji kamar yarinyar nan ta cikin littattafai da ake aiko wa kyauta daga ƙasar waje, sai dai ni yayana ne ya aiko, kuma ya fi mini. Allah Ya saka da alheri, Ya ba ka mace tagari mai iya girki.

Amma akwai abin da ke damuna. Tana da nauyin jiki. In na buɗe tambayoyin gwaji na jarrabawar shiga jami'a, da farko lafiya, can sai ta fara jan ƙafa. In danna amsa, sai na gama karanta Fatiha kafin ta motsa. A jikin kwali an rubuta gudun furosesa, wato ƙwaƙwalwarta, 2.4, abin da suke kira gigahaz. Malama Hauwa, wadda nake kai caji gidanta saboda suna da sola, ta nuna mini shafin da ake ganin gudun. Yaya, 0.4 yake nunawa. Ina sauran suka tafi?

Batir ma haka. Ta ce saura awa biyar, kafin in ɗebo ruwa in dawo ta ce saura ɗaya. Wani lokaci tana jone amma ta ce ba ta caji, kamar mai fushi an kawo mata abinci ta kau da kai.

Ƙawata Husna ta zo da wayarta cike da littattafan soyayya, ta ce in kawo ta zuba mini. Littattafai sun fi na rumfar mai haya a kasuwa, duk a abu ɗaya! Na daɗe ina kallon wayar nan, zuciyata na cewa karɓi. Ban karɓa ba dai.

Don Allah kada ka faɗa wa Baba a waya. Tun ranar da ta iso Baffa Gwadabe yake cewa me mace za ta yi da kwamfuta alhali ga ɗansa Zailani da shago a Ƙafin Maiyaki. In ya ji tana da matsala, shi ke nan. Ka san jarrabawar a kwamfuta ake yin ta, ni kuwa ban taɓa zama gaban wata ba sai wannan.

Ƙanwarka,
Badiyya

*

Legas,
ranar Asabar

Badiyya,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki a hannun Idi, tana warin tumatir. Ina lafiya. Ki gaida Baba da Umma, ki ce wa Iya kaji ma bayin Allah ne. Ki ce wa Umma ina cin shinkafa.

A tsaye na karanta, don muna da aiki, ni ma a tsaye nake rubuta wannan. Ashe bebiyar Iya ta iya zuba haka a takarda?

Ki saurare ni. Kwamfutar nan sabuwa ce dal, a gabana aka yanke kwalinta. Ruwa ba ya tsami banza. Ba don ki cika ta da labaran Alhaji ya ga yarinya a bakin titi ya faɗa sonta na aiko miki ba. Waɗannan abubuwan da ake turawa daga waya zuwa waya, cuta ce a cikinsu. Duk abin da Husna ta zuba miki, ki goge shi yau.

Bayan nan ki yi abu biyu. Na farko, akwai wani tsari na tsimin batir. In yana kunne, da gangan take rage gudu don caji ya daɗe. Ki kashe shi, ki jona caja, ki sake duba lambar. Na biyu, ki fito da rahoton batir. Na rubuta miki yadda ake yi a bayan takardar nan, ki bi a hankali. Za ki ga lambobi biyu: abin da aka ƙera batirin ya ɗauka, da abin da yake ɗauka yanzu. In suna kusa da juna, batir lafiyarsa ƙalau.

Zancen awa biyar ta koma ɗaya kada ya tsorata ki sosai. Kintace take yi, gwargwadon wahalar da take sha a lokacin. Amma 0.4 ba daidai ba ne.

Ba zan faɗa wa Baba ba. Ke dai ki rage mafarki, jarrabawa ta matso.

Yayanki,
Kamalu

*

Yako,
ranar Alhamis

Yaya Kamalu,

Sallama da gaisuwa. Kowa lafiya, sai Umma da ta yi mura ta warke. Zafi ya sauko mana sosai, ko ruwan randa ɗumi gare shi.

Yaya, ka ce a tsaye ka karanta takardata. Gaskiya ka faɗa, don da ka zauna da ka ga inda na ce ban karɓa ba. Ka koma ka duba. Littattafaina na takarda ne, suna ƙarƙashin katifa inda suka saba zama, ba su taɓa cutar da kowa ba. Kuma ba duka ne na Alhaji da bakin titi ba. Akwai wanda yarinyar ta zama likita, saurayin ne ma yake binta yana kuka. Na yi kuka da na karanta takardarka, amma na gama, kuma ba zan sake ba.

Na yi duk abin da ka ce. Tsimin batir yana kashe tun asali. Na kunna shi na sake kashewa don kada ka ce ban taɓa ba. Lambar ba ta motsa ba. Rahoton batir ya ba ni wuya, sau da yawa ina kuskuren harafi tana ƙin karɓa, amma na fito da shi. Lambobin biyu kamar tagwaye suke, bambancinsu kaɗan ne. Ke nan batir ba shi da laifi, ni ma haka.

Ga abin da na lura da shi da kaina. In na kunna ta bayan sallar asuba, gudun yana kai 2.4, har ya wuce uku. Sai ka ga tambayoyi suna buɗewa kamar ana shafa musu mai. Kafin in gama Turanci in shiga lissafi sai ta fara wani kuka can ƙasa-ƙasa, irin na wanda ya cusa fuska a filo, lambar ta riƙa sauka har ta zauna a 0.4. Da rana kuwa ko minti kaɗan ɗin ba ta ba ni. A lokacin ne kuma batir yake zubewa, kuma a lokacin take ƙin caji. Me ke nan?

Yanzu ga mummunan labari. Baffa Gwadabe ya shigo gaida Iya ya same ni ina danna ta ta ƙi motsi. Ya tsaya a kaina ya ce, "Ahaf! Ai na faɗa." Da yamma ya samu Baba ya ce a kai wa Zailani ya gyara tun ba ta mutu ba.

Ka san gyaran Yaya Zailani. Rediyon Baba yana can yana yi wa masu zaman shago waƙa. Wayar Umma ta tafi gyara da azumin bara, matarsa ce take amsa kira da ita. Kuma na ji da kunnena yana cewa in ya samu kwamfuta irin wannan zai riƙa yi wa mutane rajistar jarrabawa. Jarrabawar da ni zan faɗi ke nan.

Baba ya ce kai ka saya, maganarka ce za ta raba. Yaya, ka rubuto ka ce a bar mini. Motar Idi ta lalace, an ce tana gareji a Kwanar Ɗangora, ban san ranar da wannan za ta same ka ba.

Ƙanwarka da ba ta zuba komai ba,
Badiyya

*

Legas,
ranar Talata

Badiyya,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. Wani direba zan ba wannan ya kai wa Idi, don an ce motarsa na gareji.

Shiru ban ji daga gare ki ba. Baffa ya kira ni jiya, ya ce kwamfuta ta sandare, ya gan ki da idonsa kina ta bugun ta, kuma duk unguwa an san ke da Husna littattafai kuke karantawa a ciki. Na ji kunya ƙwarai. Na faɗa miki ki goge, ashe ba ki ji ba.

Tunda abin ya fi ƙarfinki, a kai wa Zailani ya duba. Ta zauna a wurinsa, in kina son gwaji ki hau mashin ki je shagon ki yi. Ban ga wata dabara daga nan ba.

Ki gaida mutan gida.

Kamalu

*

Yako,
ranar Lahadi

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Na fara da wannan ne don haka aka koya mini, ba don ina jin lafiyar ba.

Takardarka ta zo, amma ba ni na fara karanta ta ba. Idi ya ga bai dace ya yi sallama da budurwa a ƙofar gida mutane na kallo ba, sai ya miƙa wa Baffa a masallaci ya ce a ba ni. Baffa ya ce takardar ɗa zuwa gidan ubansa ba ta da sirri. A zaure aka buɗe ta. Yaya Zailani ne ya karanta, da ƙarfi, har da maimaita wurin "na ji kunya ƙwarai".

Aka aika in fito da kwamfuta. Na fito na durƙusa a bakin ƙofa, na rungume ta a ƙirji a cikin hijabi. Baffa ya ce, "To, kin ji daga bakin mai ita. Miƙo."

Yaya, ka san ni. Ko a aji in malami ya kira sunana sai in ji kamar ƙasa ta tsage in shige. A littattafai in aka zo irin wannan wurin, yarinyar suma take yi, a yayyafa mata ruwa, wani ya zo ya cece ta. Na jira suman bai zo ba. Sai na ji bakina ya ce, "A'a."

Baffa ya ce, "Me kika ce?"

Na ce, "Baffa, ka yi haƙuri, ba zan bayar ba."

Yaya Zailani ya yi dariya ya ce, "Ke Badiyya, gyara miki zan yi fa. Kwana nawa ne?"

Na ce, "Rediyon Baba kwana nawa ne?"

Wallahi ban san daga ina maganar ta fito ba. Baba ya ce, "Badiyya!" Baffa ya miƙe yana kaɗa riga, ya ce ga irin tarbiyyar da karatun ƙarya ke jawowa, yarinya tana mayar wa manya magana. Ni kuwa na ce, kuma da ƙarfi na faɗa, har Umma ta ji daga madafa: "Yaya bai ga takardata ba ya rubuta wannan. A kan ƙarya ya rubuta."

Ka san Baba ba ya son ɓacin ran ƙaninsa, kuma ba ya son hawayena. Ya ce a jira Idi ya je ya dawo. In amsarka ba ta canja ba, ko kuwa kwamfutar ba ta tashi ba, da hannunsa zai ɗauka ya kai Ƙafin Maiyaki, kuma ba ya son ƙarin magana.

Tun ranar ba wanda ya yi mini dariya a gidan nan sai Iya. Umma ta ce na zubar mata da mutunci. Husna ma uwarta ta hana ta zuwa, an ce ita ta lalata ni.

Ga abin da zan faɗa maka, kuma ka zauna kafin ka karanta. Kai ka saya, gaskiya ne. Amma ka ba ni. Abin da aka bayar ba a sake bayar da shi ga wani don an ji magana a waya. Ka ce in hau mashin in je shago in yi gwaji. A gaban wa? Samarin da ke zaune a bencin nan daga safe har yamma suna kallon duk wadda ta wuce? Ka san Baba ba zai bari ba, ni ma ba zan iya ba. In ta shiga shagon nan, ni da ita sai a mafarki.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni nake zaune da ita, ni na san lokacin da take gudu da lokacin da take kuka. Ka bar tambayar Baffa, ka tambaye ni.

In ka sake cewa a kai, Baba zai kai, ba zan yi kokawa da mahaifina ba. Amma ba da hannuna ba, kuma ba zan ce na yarda ba.

Badiyya

*

Legas,
ranar Juma'a

Ƙanwata Badiyya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ina lafiya, ina fatan kuna lafiya. Takardunki biyu tare suka zo. A zaune na karanta, sau biyu. Na ɗauko ta farkon ma, na ga wurin. "Ban karɓa ba dai." Yana nan ɓaro-ɓaro, ni ne idona ya tsallake. Ki yafe mini. Ki ba Husna haƙuri ita ma.

Amma rediyon Baba kwana nawa ne! Ke Badiyya! Na yi dariya har abokin aikina ya leƙo. Kada ki faɗa wa kowa na yi dariya, kuma kada ki sake.

Na kai bayaninki wurin wanda ke kula da kwamfutocin asibitinmu. Da na karanta masa inda kika ce da asuba tana gudu, da rana ta ƙi, kuma tana kuka ƙasa-ƙasa, bai bari na ƙarasa ba. Ya ce zafi ne. In furosesa ta yi zafi fiye da kima, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Kukan da kike ji fanka ce a ciki take ta fama, ita ke shanye batir. Kuma batir in ya yi zafi ba ya karɓar caji. Ke nan ciwo ɗaya ne, ba biyu ba.

Ya ce zafin gari kaɗai ba zai kai ta haka ba, sai in wani abu ya toshe mata numfashi. Ki kifa ta. A ƙasanta da bayanta akwai ƙananan tagogi kamar na raga, ta nan iska ke shiga tana fita. Ki duba ko wani abu ya rufe su. Kada ki ɗora ta a katifa ko filo ko cinya. In kin yi haka ba ta canja ba, ki ba Idi ya kawo mini in mayar wa waɗanda suka sayar. Ko ta tashi ko ba ta tashi ba, ba za ta shagon Zailani ba. Na sa wata takarda daban ta Baba, na faɗa masa haka. Na kira wayarsa ba ta shiga, ina jin yana fadama.

Na ce wa Idi in ya sake ba wani takardarki, ni da shi ne. Ya ce zai ba Umma.

Yayanki mai karatu a tsaye,
Kamalu

*

Yako,
ranar Laraba

Yayana,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya, an fara kwashe tumatir na ƙarshe. Na yafe maka, amma ban manta ba tukuna.

Da na karanta zancen tagogi, na san amsar tun kafin in kifa ta. Yaya, kwamfutar tana da riga.

Ka daɗe a Legas, ka manta gidanku. Wane sabon abu ne ya taɓa zama tsirara a gidan nan? Fulas yana da riga. Agogon bango yana cikin leda. Katifar Umma ta shekara nawa, har yau ledarta na ƙara in an juya. Ranar da kwamfuta ta iso, Iya ta hana a ɓare ledar da ke manne a ƙasanta, ta ce ɓare leda shi ne farkon tsufa. Sannan ta buɗe akwatinta ta ɗauko karan-miskin nan ja, wanda ta ɗauro a kanta daga tsohon gari lokacin da ruwan dam ɗin Tiga ya tashe su. Ko Umma ba ta taɓa barin ta taɓa shi ba. Ta yanka, ta sa soso a ciki, ta ɗinke shi da hannu cif-cif da ƙasan kwamfutar da bayanta, yadda zan buɗe in yi aiki ba sai na cire ba. Ƙofar caja kawai ta bari. Da idon nan nata fa, Yaya, da sai an zura mata zare. Ban faɗa maka ba don ban ga abin faɗa ba. Wa zai rubuta wa mutum cewa akuya tana da wutsiya?

Na tafi gidan Malama Hauwa da azahar, lokacin da ta fi ƙin motsi. Na tuɓe rigar, na ɓare ledar. Ƙasanta kamar murfin tukunya. Na bar ta ta huce, na ɗora ta a kan benci, na sa ƙananan katako biyu na ɗaga bayanta. Na kunna. 2.4. Na yi Turanci, na yi lissafi, na shiga kimiyya, ina yi ina leƙen lambar kamar mai jiran saurayi ya ɓata mata rai. Ba ta sauka ba. Na jona caja ta karɓa. Na cire, har la'asar batir bai sauka zuwa rabi ba. Malama ta yi guɗa, ni kuwa na kasa murna.

Don in na ce wa Baffa riga ce, zai tambayi wa ya ɗinka. Na san bakinsa. Kuma ina zan kalli Iya in ce abin da ta ɓata karan-miskinta a kai shi ne ciwon?

Na so in riƙa tuɓewa a ɓoye ina mayarwa. Sai na ga wannan ma raini ne. Na same ta tana gyaran wake, na zauna, na kasa magana har ta ce, "Bebiya, in bashi kika zo ci ba ni da shi." Na faɗa mata. Na ce abin yana numfashi ta ƙasa, rigar ta toshe shi.

Ta ajiye faifai. Ta ce, "Yana numfashi?" Na ce e. Ta ce, "Wato duk kwanakin nan shaƙe shi na yi?" Na ce, "Iya, ba ki sani ba ne." Ta karɓi rigar ta shafa ta. Can ta ce, "Mu abin da muka sani, in kana son abu ka rufe shi. Tashi ki ba ni wuri, kin tsare mini iska ni ma."

Jiya bayan la'asar aka zauna a zaure. Baba ya sa aka karanta takardarka, wannan karon ni ya ba in karanta. Na karanta har ƙarshe. Na ɗora kwamfuta a kan katakona na kunna, ta yi ta gudu a gabansu. Yaya Zailani ya leƙa lambar, ya ce lallai ta tashi. Ba zan yi masa ƙarya ba, bai yi gardama ba.

Baffa ne ya ce, "To me ya same ta da?"

Na ce, "Zafi ne."

Ya ce, "Zafi daga ina? Mu ba a garin muke ba? Wani ne ya yi mata aikin jahilci. Faɗi, me kika yi mata?"

Na yi shiru. Ya ce shirun nan shi ne shaida, wadda ta ɓata sau ɗaya za ta sake, gara a kai inda aka san darajarta. Na ga Baba ya fara gyaɗa kai. Na ɗora hannuna biyu a kanta na ce, "Baffa, ko me za a yi mini, ba zan faɗa ba, kuma tana nan."

Sai muka ji sandar Iya a bayan ƙofa. Ba ta shigo ba, daga nan ta yi magana. Ta ce, "Gwadabe, jahilar tana nan. Ni na ɗinka mata riga na shaƙe ta. In akwai wadda za a kai shago a gyara, ni ce. Zailani, kawo mashin."

Yaya, da ka ga Baffa. Ya cire hula ya mayar, ya ce, "Iya, ai ban san ke ce ba." Ta ce, "Da ka sani da me? Da ta zama aikin ilimi?"

Baba ya yi tari irin na mai ɓoye dariya. Ya ce magana ta ƙare, kwamfuta ta Badiyya ce. Amma ya juyo gare ni, fuskarsa ba wasa, ya ce ƙaninsa ubana ne, kuma sau biyu ke nan ina ɗaga masa murya a zaurensa. In je har gida in ba shi haƙuri.

Yau da safe na je. Na durƙusa a tsakar gidansa, matansa da yara duk suna kallo, kunya kamar ta kashe ni. Na ce, "Baffa, na zo ba ka haƙuri a kan muryata. Na ɗaga ta, bai kamata ba." Ya ce ya haƙura, Allah Ya shirya. Sai ya ce to ko bayan jarrabawa Zailani zai iya aron ta na ɗan lokaci.

Na sunkuyar da kai ƙasa sosai, na rage murya yadda Baba yake so, har sai da ya matso don ya ji. Na ce, "A'a, Baffa."

Ka yi mini addu'a, jarrabawa ta kusa.

Ƙanwarka,
Badiyya